Eriya a Rumbun Makau

Asabar, 11 ga Satumba, da hantsi

Babu sabis. Hanya a rufe.

Littafin nan rabinsa zanen wayoyi ne da na yi tun ina Kumo. Sauran shafukan zan cika su da surutu, tunda ba ni da wanda zan yi wa. Ina Bagega, gidan wani dattijo mai suna Makau, a ɗakin da yake ajiye buhunan dawa. Shi ya tsinto ni ranar Alhamis da yamma. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa ba. Ƙafata ta hagu ta kumbura, amma tana taka ƙasa.

Na taho da tabarmar abokina Junaidu, ban san dalili ba. Tana naɗe a lungu.

Asabar, bayan la'asar

Arzika maƙwabcin Makau ya shigo, ɗan sa-kai ne, bindigarsa ƙirar maƙera a kafaɗa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai na Mamuda? To ai kai ka mutu."

Ya yi dariya shi kaɗai. Wai ya ga Sagir, abokin aikinmu, a tashar Anka ranar Alhamis da safe, yana hawa motar ƙarshe da aka bari ta fita, yana kuka yana cewa Mamuda da Junaidu duk sun tafi, da idonsa ya gani.

Da idonsa. Abin da ya gani da idonsa bayana ne ina faɗawa rami ranar Laraba, da 'yan bindiga suka far mana a wajen haƙar zinariya. Bai tsaya ya ga ko zan fito ba.

Gidan su Sagir yana kallon namu a Kumo. Yanzu ya isa gida. Yanzu an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, mahaifiyata Dada tana zaune da hawan jininta ana shigowa ana yi mata gaisuwa. Matata Rahina kuma an sa ta takaba. Matar da ko bakin rijiya ba ta zuwa sai ta sa kwalli, har nake ce mata ko gobara aka yi sai ta tsaya ta ranbaɗa kafin ta gudu. Yanzu idonta fari fat saboda ni, ni kuwa ga ni nan ina cin hoce.

In na yi adalci, da ni na samu motar nan da na hau. Amma da na rufe bakina.

Lahadi, da azahar

Babu sabis. Na kashe wayar na kunna, kamar laifinta ne.

Litinin, 13 ga wata, da safe

Makau ya ce kafin komai ya ƙara lalacewa, samari kan hau tudun bayan gari su ɗaga waya sama, wani lokaci sabis na faɗowa daga wajen Kabi. Yanzu ba mai zuwa tudun. Bai faɗi dalili ba, ban tambaya ba.

Amma in yana faɗowa kan tudu, to yana wucewa ta saman gidan nan ma, ƙarfi ne ba shi da shi. Abin da ke da rauni tattara shi ake yi.

Na zazzage gwangwanin madarata. Tun ina yaro nake da wannan ciwon: na yi wa Dada fanka da injin tsohuwar kaset, na yi fitilar da muke karatu da ita da batiran tsohuwar kwamfuta. Rahina na kiran gwangwanin bolata. Ban zo Zamfara don shi ba, zinariya na zo nema kamar kowane wawa, amma ga shi ya biyo ni har ɗakin nan. A ciki akwai filaya, ƙarfen liƙi irin wanda ake ɗorawa a garwashi, naɗin dalma, da tarkace. Ƙaramin farantin solata ya tsage a gefe amma yana ba wayar caji.

A wayar akwai wani bidiyo da na taɓa saukewa, wani mutum yana haɗa eriya mai kamar ƙayar kifi. Ba na jin yarensa, hannunsa nake kallo.

Talata, bayan la'asar

Abin da na samu: gora ɗaya miƙaƙƙiya, tsinkayen ƙafar wani mataccen keke, wayar dish da Arzika ya ce ba ta da amfani tunda ba man janareta, da jar waya mai kauri daga ƙonannen injin ban ruwa.

Na yanka tsinkayen, kowanne bai kai taƙi ba, na baya ya ɗan fi tsawo, na gaba suna raguwa. Na huda gorar da ƙusa mai zafi na zura su. Inna Sa'a, matar Makau, tana zaune a inuwa tana saƙar faifai, jikarta Amira mai shekara uku tana jan zaninta.

"Mi kaka yi nan, Ɗan Gabas? Matsefi na?"

Na ce eriya ce, Inna.

"Awo. Ni cewa ni kai matsefin raƙumi."

Ita ce ta fara ba ni dariya a garin nan. Miyar surenta, yakuwa a wajenmu, ta cika tsami, amma ba ta taɓa zuba mini kaɗan ba.

Laraba

Ba zan rubuta komai ranar Laraba ba.

Alhamis, 16 ga wata, da yamma

Na yi ɓarna.

Saura liƙi wuri biyu: inda wayar dish za ta kama jar wayar eriya, da inda za ta kama ɗan naɗin da zan manna a bayan waya. Da hantsi Inna ta sauke tukunya, garwashi na nan ja. Na tura ƙarfena a murhunta, na zauna a tsakar gida na fara. Ƙarfen ba ya riƙe zafi, dalmar na ɗiga ƙasa tana dunƙulewa kamar ƙwayar azurfa. Ban kula ba. Shekara nawa ina yin haka a tsakar gidanmu.

Sai na ji salati. Inna ta jefar da faifai, ta cafke Amira, ta cusa yatsa a bakinta. Ta fito da ƙwaya ɗaya tana walƙiya.

"Mi na na?"

Na ce ta liƙi ce kawai, Inna.

"Ni tambaye ka mi ta. Dalma ta?"

Na ce e.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi mini. Ta saɓa yarinyar, ta ɗauki buta ta yi ta wanke mata baki har yarinyar ta shiɗe da kuka. Ta kwashe garwashin duka a kasko ta fitar waje. Da ta dawo ba ni ta kalla ba, Makau ta kalla.

"Ko shi ko ita. Gidan ga ba a kwana da dalma."

Juma'a, da safe

Ba a kawo mini koko ba. Amira tana wasa, lafiyarta lau. Na leƙa ta ƙofa na gani.

Juma'a, bayan masallaci

Raina a ɓace yake, bari in rubuta in huta. Dalmar da ke naɗin nan duka ba ta kai abin da muke shaƙa a wajen niƙan dutse a wuni guda ba. Ɗigo biyu nake buƙata. Ɗigo biyu tsakanina da uwata. Garin da kowa ya ci abinci da dutsen nan, yau ni baƙo ni ne mai kawo guba.

Na rubuta. Ban huta ba.

Asabar, 18 ga wata, da hantsi

Makau ya shigo ɗakin ya zauna kan buhu. Ya daɗe yana murza hularsa.

Ya ce ƙasar tsakar gidan nan ba ta gidan ba ce. Shekarun baya, lokacin da ake kawo dutse gida mata na daka shi a turmi, yara suka fara suma suna sanƙarewa. Aka ce iska, aka ce mayu. Daga baya likitoci suka zo suka ce dalma ce cikin dutsen. Aka kankare ƙasar kowane gida da shebur, aka kai bayan gari aka binne, aka kawo sabuwa a mota.

"Ɗiyanmu ukku," ya ce. "Ita tad daka dutsen da hannunta. A turmin da taka yi musu fura."

Ya nuna mini gindin bangon da nake zama in yi aiki. Nan ƙaramar ta fara faɗuwa.

Na ce ban sani ba. Ya ce ya san ban sani ba, shi ya sa har yanzu ina ɗakin.

Na miƙa masa naɗin dalmar. Hannuna bai so ba, na gani, shi ma ya gani. Sannan na ari fartanya da kwando. Na kankare inda na zauna har zurfin yatsa, da gaban murhu, na yi ta jan ƙafa ina kaiwa bayan gida inda ya nuna. Inna na cikin ɗaki, labule bai motsa ba.

Ba ni na binne yara ba. Ba ni da bakin cewa ɗigo biyu.

Lahadi, da azahar

An kawo tuwo. Makau ne ya kawo.

Litinin, 20 ga wata, da yamma

Na murɗe wayoyin da filaya, na ɗaure da robar cikin taya. Na ɗaga gorar a bayan ɗaki na juya ta kudu maso yamma. Babu. Na ɗan motsa, mahaɗin ya saki. Gashin wayar dish siriri ne, jar wayar kauri gare ta, ba sa son juna in ba dalma. Na sake. Ya sake saki.

Babu sabis.

Talata, da hantsi

Arzika ya hango gorar ta kan katanga. Yau bai yi dariya ba.

"Mamuda, sauke abin ga. Baƙo, ba a san uwatai ba, ba a san ubanai ba, ya ɗaga sanda bisa ɗaki yana neman magana da waje. Ka san mi aka kiran mai yin haka? Ni na san ka. Waɗanda ba su san ka ba su sunka fi yawa, kuma ba su tambaya."

Na ce uwata nake nema.

"Kowa haka yaka cewa."

Gaskiyarsa. Na sauke. Tana kwance kusa da tabarmar Junaidu, abu biyu marasa amfani.

Laraba

Alhamis, 23 ga wata, bayan azahar

An ji ƙara daga wajen gonaki da safe. Kowa ya shige ɗaki. Dawa ta yi tsawo, ba a ganin komai sai ya iso. Bai iso ba.

Ina kwance ina lissafin abin da ake yi a Kumo. An yi sadakar bakwai. Wani ya ci waina da sunana. Ƙanena zai fara duban kekena na ɗinki. Ba na jin haushinsa, keke ba ya son zama. Dada ce damuwata. Lokacin da babanmu ya rasu abinci ta daina ci, sai da muka yi ta roƙo. Wa zai roƙe ta yanzu, Rahina da ke cikin nata?

Juma'a, da safe

Ruwa ya sauka. Ɗakin na yoyo ta kan buhuna. Na gyara wa Makau tocilarsa, maɓalli ne ya yi tsatsa. Ban liƙa komai ba.

Asabar, 25 ga wata, bayan la'asar

Ina zaune a ƙofar ɗaki da eriyar a cinya ina sake murɗa abin da na san zai saki. Inuwa ta rufe ni. Inna ce. Tun ranar ba ta yi mini magana ba.

"Malam ya ce matarka na takaba."

Na ce haka nake zato, Inna.

"Kana da rai tana takaba."

Na ci gaba da murɗa wayar.

"Ɗiya nawa?"

Na ce ba mu samu ba tukuna. Sai uwata, tsohuwa.

 Sannan ta ja kujerarta ta zauna, ba kusa sosai ba. "Nuna min inda yaka saki."

Na nuna mata. Ta juya shi a hannu kamar mai duba ƙwarya a kasuwa. Ta ce ba ni da zare? Na ce zare ba ya ɗaukar wuta, sai waya. Ta ce to waya mai sirantar zare. Na tuna da matacciyar rediyon Makau, na fasa na warware siririyar jar waya daga cikinta, na kankare ta da reza har ta yi haske.

Ta kwantar da gashin wayar dish a jikin mai kaurin, ta fara naɗi. Irin naɗin bakin faifai, zagaye na bin zagaye ba rata, tana ja da haƙori, tana cusa bakin da basilla ta ƙarƙashi. Ni ina riƙe da filaya inda ta ce in riƙe. Sau biyu wayar ta tsinke ta ce tsiya, ta sake daga farko.

"Ja mu gani."

Na ja. Bai motsa ba. Na ɗiga masa kyandir don ruwa.

"Wanga ba guba ba ne?"

Na ce kyandir ne, Inna, ko a baki aka sa ba komai.

"Kai dai kar ka sa ma kowa komi a baki."

Na ce to.

Lahadi, 26 ga wata, da hantsi

Makau ne ya kawo dabarar ɓoyewa. Rumbunsa na can ƙarshen gida inda ƙasa ta ɗan tashi, ya fi katanga tsawo. Muka ɗaga jinkar, muka kwantar da gorar a ciki bakinta na duban Kabi, muka mayar da ciyawa. Wayar ta sauko ta ciki. Daga waje rumbu ne kawai.

Wato in zan nemi sabis sai na shiga rumbu na tsuguna kan ragowar gero. Wani ramin kuma. Da na zura ƙafa na kasa, sai da na fito na zauna na sake shiga.

Na manna naɗin a bayan waya. Babu.

Lahadi, bayan la'asar

Babu.

Litinin

Babu. Ɓera ya bi ta kan ƙafata. Na rubuta saƙon na ajiye shi a shirye, ga lambar Rahina: "Ni ne Mamuda. Ina raye. Ina Bagega gidan mutanen kirki. Sagir bai gani daidai ba. Ki fita takaba. Ki ce wa Dada ta ci abinci." Na so in sa maganar Junaidu don mutanensa. Na rubuta na goge. Nasa kam, Sagir ya gani daidai.

Talata, 28 ga wata, da safe

Sanda ɗaya! Ta fito ta ɓace kafin in danna. Wallahi na gan ta. Da sanyin safiya ne, bayan ruwan jiya, rana ba ta yi ƙarfi ba.

Na fito da sauri na faɗa wa Inna. Ta ce, "To mi kaka yi waje? Koma."

Na koma har azahar. Ba ta dawo ba. Wataƙila idona ne.

Laraba, da safe

Na shiga rumbu. Ko ba komai ya fi zama da ranar nan a ɗaki.

Alhamis, 30 ga wata, bayan sallar asuba, gari ya yi haske

Makau ya hau tsani yana juya gorar kaɗan kaɗan ta ƙarƙashin jinka, kamar mai gyaran ciyawa, ni ina ciki ina cewa ƙara, ƙara, dawo. Arzika ya leƙo ta katanga.

"Makau, rumbun ga kullum gyara?"

"Yoyo yaka yi."

"Awo. To a gyara shi da kyau." Na ji takunsa ya yi gaba, yana waƙa ƙasa ƙasa. Ya sani sarai.

Sai ga ta. Sanda ɗaya, ta tsaya. Na ce Baba kar ka motsa, ko numfashi kar ka yi. Na danna. Abin ya yi ta juyawa, yana juyawa, na karanta duk abin da na iya. Sai ya rubuta ya tafi.

Na gwada kira. Bai shiga ba. Sandar ta ɓace.

Ban sani ba ko ya isa. Ban sani ba ko wayarta na kunne, ko an karɓe ta an ajiye, ko za ta ce wani ɗan iska ne ya tsinci wayar mamaci yana wasa da ita. Ni ma da haka zan ce.

Alhamis, da yamma

Da na sa wata alama da ita kaɗai ta sani. Bola. Da na ce bolata na nan tare da ni. Wawa.

Juma'a, 1 ga Oktoba, da safe

Babu.

Asabar, da safe

Sandar ta zo na tura kalma uku: "Bolata na nan." Ta tafi. Ba amsa.

Lahadi, 3 ga wata, da hantsi

Ina tsugune a rumbu wayar ta yi ƙara a hannuna, na kusa yar da ita cikin gero.

Na fito. Inna na bakin murhu, Amira na kan cinyarta, Makau na alwala. Na kasa karantawa da ƙarfi, sai da na zauna a ƙasa, a daidai inda na kankare.

"Karanta muna mana," in ji Inna. "Mu ma da aikinmu ciki."

Na karanta. "Alhamdu lillahi. Na farko ban yarda ba, na biyu na yarda. Dada ta faɗi amma ta tashi, ta sha kunu kofi biyu, ta ce in ka dawo sai ta mare ka. Na sa kwalli."

Makau ya ce Allahu akbar, ya ci gaba da wanke ƙafa. Inna ta goge ido da bakin zani ta ce hayaƙi ne, itacen ɗanye na.

Lahadi, bayan la'asar

Hanya a rufe. Ba wanda ya san ranar buɗewa. Ƙafar ta sace, saura ɗingishi.

Mata biyu sun shigo wurin Inna da 'yan takardu a ƙulle a bakin zani, lambobin 'ya'yansu da ke Gummi da Sakkwato. Ban san wa ya faɗa musu ba. Inna ta ce gobe da sanyin safiya, ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda ta yi surutu a waje ba ita ba rumbu.

Na shimfiɗa tabarmar Junaidu a gindin rumbun don su samu wurin zama.